Sifaniyanci a Bakin Masu Shi: Zaman Ɗalibta a Birnin Granada

Da wuya a sami ɗalibin sakandare a ƙasar nan da bai san Sifaniya ba, ko da kuwa a gidan kallon ƙwallo ya san ta. Zai lissafo 'yan wasan Real Madrid da na Barcelona har da waɗanda ke zaman benci. Amma a tambaye shi yadda ake cewa "ina kwana" da harshen mutanen, sai ya hau sosa ƙeya.

Alhali harshen nan ba ƙarami ba ne. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a matsayin harshen uwa, kuma in aka cire harshen Mandarin na Sin, babu harshen da ya kai shi yawan irin waɗannan masu magana. Shi ne harshen gwamnati a ƙasashe kimanin 20. Meksiko ce ta fi kowace ƙasa yawan masu jin sa, ba Sifaniya ba. A Afirka ma akwai maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, wadda nisan birninta Malabo daga Kalaba bai kai nisan Kano zuwa Abuja ba.

Mu 'yan ƙalilan ne daga Najeriya da muka yi zaman shekarar karatu guda a Granada, wani birni a yankin Andalus da ke kudancin Sifaniya, domin koyon wannan harshe. Abin da muke son ƙannenmu su ji shi ne yadda zaman yake a yau da kullum, domin a nan aka bambanta tsakanin wanda ya dawo da harshen a bakinsa da wanda ya dawo da takardar shaida kawai.

Granada ba babban birni ba ne, mutanensa ba su wuce dubu 230 da 'yan kai ba. Amma gari ne na ɗalibai. Jami'arsa tun 1531 aka kafa ta, kuma tana da cibiyar koyar da harsuna a tsohuwar unguwar Realejo, inda baƙi daga Amurka, Sin, Japan, Jamus da Maroko ke cika azuzuwa. Garin na gindin duwatsun Sierra Nevada, inda tsaunin Mulhacén mai tsayin mita 3,479 yake. Da hunturu kana tsaye a tsakiyar gari kana hango dusar ƙanƙara fari fat a kansu. Wanda yake ganin sanyin Jos ko na Funtuwa shi ne ƙarshen sanyi, to ya tanadi rigar kirki.

Abin da Bahaushe ya zo da shi daga gida

Makon farko a aji ya nuna mana cewa Bahaushe ba da hannu biyu yake zuwa ba. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su kamar yadda muke furta namu. Abin da aka rubuta shi ake karantawa. Ɗalibin da ya iya karanta littafin Hausa zai karanta jaridar Sifaniya da ƙarfi a ranar farko, ko da bai fahimci ko kalma ɗaya ba. 'Yan ajinmu da suka zo daga Amurka da Ingila sun sha fama da wannan, domin bakinsu ya saba jan wasali.

Sai kuma harafin r. Sifaniyawa suna da iri biyu, mai sauƙi da mai karkarwa, kuma ma'ana na canzawa da su: pero na nufin "amma", perro kuma "kare". Akwai waɗanda suka yi wata uku suna atisayen karkaɗa harshe a gaban madubi. Mu kuwa da ma muna da r biyu, ta "ruwa" da ta "arba'in". Haka batun jinsi. Kowane suna a Sifaniyanci ko namiji ne ko tamace, kuma yawancin na mata da -a suke ƙarewa, daidai da Hausa. Har togaciyar ma mun san irinta: yadda "gida" da "ruwa" suka ƙare da -a amma maza ne, haka día (yini) da problema (matsala) suke maza a wurinsu.

Akwai kalmomin da ke sa mu dariya mu kaɗai a aji, malama na kallonmu ba ta san dalili ba. Rana a wurinsu kwaɗo ne. Mesa tebur ce, ba macijiya ba. Baba kuwa yawun da ke dalala daga bakin jariri ne, don haka wanda zai kira mahaifinsa a waya a cikin bas ya sassauta murya.

Wasu kalmomin kuma 'yan uwan namu ne na jini, domin daga Larabci muka aro su, mu da su. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar tun daga 711 har zuwa 1492, kuma masana na ƙiyasta cewa Sifaniyanci ya gaji kalmomi kimanin 4,000 daga Larabci. Azúcar shi ne sukari, aceituna zaitun, taza ƙaramin kofi ne amma tushensu ɗaya da tasa. Alcalde, wato magajin gari, ɗan uwan alƙali ne. Hasta da ke cikin hasta mañana (sai gobe) ita ce "hatta" ɗinmu. In kuma Basifaniye yana fatan wani abu sai ya ce ojalá, wadda asalinta jingina al'amari ne ga yardar Allah, ko da yake yawancin masu faɗin ta ba sa tuna hakan.

To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Bakin Bahaushe ba ya raba p da f, su kuwa suna rabawa sarai. Puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa, kuma Granada cike take da duka biyun, saboda haka mai tambayar hanya da ya haɗa su zai tsinci kansa a wata unguwa. Aikatau ma aiki ne ja. A Hausa mukan ce na ci, ka ci, mun ci, "ci" na nan yadda take. A wurinsu wutsiyar kalmar ce ke sauyawa: como, comes, comemos, kuma kowane lokaci da nasa jerin. Wannan babu dabara, sai hadda irin ta makarantar allo.

Harshen littafi da harshen titi

Duk wannan a aji ne. Da ka fito titi sai ka ga kamar wani harshen ake yi. Mutanen Andalus suna haɗiye ƙarshen kalma, musamman harafin s da d. Sunan garin nasu ma Graná suke cewa. Pescado (kifi) ya koma pescao, más o menos (sama-sama) ya koma má o meno. Kwatankwacinsa shi ne baƙon da ya koyi daidaitacciyar Hausa a littafi, aka sauke shi a tsakiyar kasuwar Sakkwato.

A nan ne ɗalibai da yawa ke karaya, kuma tarkon da ke jiransu mai daɗi ne: Turanci. 'Yan ajinku duk suna jin sa. Za ku fita tare, ku ci abinci tare, ku yi ta hira, kowa na jin daɗi. Mun ga waɗanda suka shekara a haka, makinsu na jarrabawar nahawu ba laifi, amma ba za su iya yi wa likita bayanin inda ke musu ciwo ba. Kuɗin da iyaye suka tara, wasu har da sayar da fili, ya tafi a kan abin da za a iya koya a waya daga gida. A ganinmu wannan ce asara mafi girma a irin wannan tafiya, kuma ba a lura da ita sai ana haɗa kayan dawowa.

Maganinta na farko shi ne wurin kwana. Yawancin ɗalibai kan haɗu uku ko huɗu su kama hayar gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa. Wanda ya zaɓi zama da 'yan ƙasa ya sami malamai kyauta. Rigimar wa ya bar kwanuka ba wanki, wa zai fitar da shara, nawa kowa zai biya na wuta, duk darasi ne da babu shi a manhaja. Na biyu shi ne abin da suke kira intercambio, wato musayar harshe: ka zauna da ɗan gari mai son koyon Turanci, rabin sa'a da harshensa, rabin sa'a da Turanci. A nan Turancin da muka koya a sakandare ya zama jari.

Na uku kasuwa. A babban kanti za ka iya cika kwando ka biya ba ka ce uffan ba. A kasuwar San Agustín da ke kusa da babbar majami'ar garin, ko a shagon mai kayan miya na unguwa, dole ka buɗe baki. Ba a cika yin layi a miƙe ba. In ka iso sai ka tambaya da ƙarfi, ¿quién es el último?, wato wane ne na ƙarshe, wani ya amsa, ka riƙe fuskarsa. Ciniki dai babu, farashi a rubuce yake, kuma wannan ya ɗan rage mana armashi. Amma in ka riƙe mai kifi ɗaya, a mako na uku zai fara tambayarka daga ina kake, a na biyar ya fara gyara maka magana yana dariya.

Agogo da abinci

Wanda bai fahimci agogon Sifaniya ba zai yi ta cin karo da ƙofofi a rufe. Tun 1940 ƙasar ta tura agogonta gaba da sa'a guda, ta daidaita da tsakiyar Turai, alhali a taswira tana layi ɗaya da Ingila. Shi ya sa komai ke zuwa a makare. Abincin rana, wanda shi ne babban abinci, sai ƙarfe 2 ko 3. Ƙananan shaguna na rufewa daga 2 zuwa wajen 5. Abincin dare sai 9 ko 10. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, Isha'i kuma ta kai wajen 11 na dare, yara na ta wasa a dandali iyayensu na zaune suna hira. Ran Lahadi yawancin shaguna a kulle suke, wanda bai yi cefane ran Asabar ba ya ji a jikinsa.

Batun abinci ga Musulmi sai da lura. Naman alade ya shiga ko'ina a girkin ƙasar, kuma yana da sunaye da yawa: cerdo, jamón, chorizo, tocino, sai manteca, kitsen da ake sakawa har a wasu kayan zaƙi. Tambayar "akwai nama a ciki?" ba ta wadatarwa, domin wasu ba sa lissafa 'yan gutsattsarin jamón a matsayin nama. Sai ka ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya. Jimlar ¿lleva cerdo?, wato akwai alade a ciki, tana cikin na farko da muka haddace. Sauƙin da Granada ke da shi shi ne akwai mahautan halal da yawa, galibi 'yan asalin Maroko, ga kifi, ga ƙwai da dankali da ake soyawa tare, ga wake iri-iri.

Wani abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne Basifaniye bai cika gayyatar mutum gidansa ba. Zumuncinsu a waje ake yin sa, a wuraren da suke kira bar. Sunan na iya tayar da hankali, kuma gaskiya ana sayar da giya a ciki. Amma da safe wurin ya fi kama da teburin mai shayi: tsofaffi da ma'aikata da iyaye da yaransu na shan kofi da madara, suna cin gasasshen burodi da aka shafa wa tumatir da man zaitun. Granada ta yi suna da al'adar tapas, ɗan abincin da ake kawo maka kyauta duk lokacin da ka sayi abin sha, ko da lemo ne. A cikinmu akwai waɗanda ke zuwa da safe kawai, akwai waɗanda suka gwammace su ja abokansu zuwa gidajen shayi na titin Calderería Nueva. Duk wanda muka yi wa bayani a fili cewa ba ma shan giya, sau ɗaya ya tambayi dalili, bai sake ba.

Gaisuwa da kunya

Gaisuwarsu gajera ce. Hola, ¿qué tal?, an wuce. Babu ina gajiya, babu yaya mutan gida. Da farko sai ka ga kamar ba a damu da kai ba. Amma tsofaffin unguwa, musamman mata masu zama su kaɗai, suna jin daɗin doguwar gaisuwa irin tamu fiye da yadda muka zata. Wata dattijuwa da ke hawa na biyu a gidan da wasunmu suka zauna, tun da aka fara tambayar ta lafiyar gwiwarta ana ɗaukar mata jakar cefane a matakala, ta mai da mu jikoki. Da sanyi ya tsananta ta kira mu zama a mesa camilla, wani zagayayyen tebur da ake lulluɓe shi da bargo mai kauri har ƙasa, a sa abin ɗumama a ƙarƙashinsa, kowa ya cusa ƙafafunsa. Jin ɗumi ne irin na bakin murhu. A wannan teburin kunnenmu ya buɗe da karin harshen Andalus, domin ita ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, kuma ba ta gajiya da maimaitawa.

Muna kiran ta señora, muna yi mata usted, wato irin "ku" da muke yi wa manya. Ta ce mu daina, muna tsofar da ita. Haka malamai a aji, sunansu tsurara suke so a kira, abin da bakinmu ya daɗe bai saba da shi ba. Sunkuyar da kai a gaban babba, wanda a gida ladabi ne, su a wurinsu alama ce ta mai ɓoye wani abu. Akwai kuma sumba biyu a kumatu da ake yi wajen gabatarwa, tsakanin mace da mace ko mace da namiji. Wanda ba ya so, ya riga su ɗora hannu a ƙirji da fara'a, ya ce al'adarsu ke nan. Ja da baya a firgice ne ke ɓata rai.

Ba duka ne zuma ba. Gaɓar tekun Motril ba ta wuce kilomita 70 daga Granada ba, kuma can ne ake sauke mutanen da aka ceto daga kwale-kwalen da ke tasowa daga arewacin Afirka. Don haka wasu da sun ga baƙar fata sun riga sun yanke hukuncin yadda ya zo. An taɓa ce wa ɗayanmu an ba da ɗakin haya da zarar mai gidan ya gan shi, alhali minti goma kafin nan a waya ɗakin na nan. Mun kuma haɗu da 'yan Afirka ta Yamma da suka biyo sahara da teku, wasu na aikin tumatir a rumfunan leda na Almería cikin zafi mai tsanani, wasu na tallar jakunkuna suna kallon ta inda 'yan sanda za su ɓullo. Sifaniyancinsu ya fi namu gudu, domin wuya ce ta koya musu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce mana zai so ƙaninsa ya biyo hanyar da ya biyo.

Hanyar ɗalibi ta takarda ce. Zaman da ya wuce kwana 90 na buƙatar bizar karatu, da takardar samun gurbi, da inshorar lafiya, da shaidar kuɗin da za ka riƙe kanka. In ya wuce wata shida, sai ka nemi katin shaidar baƙo bayan ka isa, kuma a waɗannan ofisoshi da Sifaniyanci ake magana. Shaidar iya harshen da aka fi sani ita ce DELE, wadda cibiyar Cervantes da aka kafa a 1991 ke shiryawa. Matakanta shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma ba ta tsufa.

Abin da ya fi saurin buɗe mana ƙofa da mazan garin kuwa ƙwallo ne. Da ka ce daga Najeriya kake, sai dattijo ya daki tebur ya ce Ighalo. Odion Ighalo ne ya ci ƙwallon da ta mayar da ƙungiyar Granada rukunin farko a 2011, a wasansu da Elche, bayan shekara 35 tana ƙasa. Ba su manta ba.

Akwai kuma alaƙar da ta girmi ƙwallo. Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙi kuma magini da ya biyo Mansa Musa daga aikin hajjin 1324, ya rasu a Timbuktu a 1346, ɗan Granada ne. A garin aka haifi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya yi bayani a kan Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Masallacin da aka buɗe a unguwar Albaicín a 2003 yana kallon fadar Alhambra, inda sarki Musulmi na ƙarshe ya fita ya miƙa garin ranar 2 ga Janairu, 1492.

Bangon fadar nan cike yake da rubutun Larabci da aka sassaƙa. Ranar da muka je tare da abokan zamanmu 'yan garin, waɗanda tun suna firamare ake kai su wurin, sai muka lura ado kawai suke gani. Mu kuwa albarkacin makarantar allo muna iya haɗa baƙaƙen. Suka tsaya a gaban wata jimla da aka maimaita ta a ko'ina, taken gidan sarautar da ya gina fadar, suka ce mu faɗa musu abin da take nufi. Sai da muka haɗa kai mu uku kafin muka samo kalmar vencedor, mai rinjaye, muka gaya musu cewa bangon na cewa babu mai rinjaye sai Allah. Ɗayansu ta fito da waya ta ɗauki hoton wurin, ta ce za ta nuna wa kakarta.